Rubutun Wuta A Titin Nima: Wa Ke Rubuta Sunan Ɗan Kasuwa?

Duk falken da harka ta taɓa kai shi Akra, babban birnin ƙasar Gana, wanda iyaye da kakanni ke kira Ankara, da wuya ya juyo gida bai taka Nima ba. Can ne masauki, can ne tuwo da koko da ƙosai irin na gida, can ne kuma mutum zai yi ciniki tun safe har dare bai nemi tafinta ba. Da rana babu abin da ido ke gani sai cunkoso, musamman ranar Laraba da kasuwar ke ci: buhunan wake da masara, albasa, kayan yaji, 'yan dako da masu tura baro, ga motocin haya da suke kira torotoro suna ta ƙaho. To amma da zarar an idar da sallar magariba, sai babban titin da ya ratsa Nima ya shiga Mamobi ya sake kama. Shagon aski ya kunna sunansa da ja da shuɗi, kantin magani ya kunna kore, mai sayar da wayar salula ya saki rubutu mai gudu daga dama zuwa hagu, rumfar masu aika kuɗi ta waya ta yi rawaya fau, mai tsire kuwa ya rataya 'yar igiyar wuta a bakin tukubarsa. Wanda ya iya karatu yana iya karanta unguwar tun daga shataletalen Nima har ya gaji da tafiya.

Wannan rubutu na wuta shi ne muke son mu duba a yau, domin abin da ya cika titin Nima ya riga ya iso Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni da Ɗan Isa. A wasu ƙasashe an daɗe da ɗaukar irin wannan rubutu a matsayin sana'ar ado mai daraja, har ana gina masa gidajen ajiya kamar kayan tarihi. Mu a wajenmu har yanzu kaya ne da ake saye a kwali, a liƙa, idan ya mutu a yar. Tambayar da muke yi ita ce, wane hannu ne ke rubuta sunan ɗan kasuwarmu, kuma da wane harshe?

Kasuwancin da bai san allo ba

Idan mai karatu ya tuna, fataucin Bahaushe bai tashi da allon shago ba. Ayarin da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, ya sauka Salaga, ba ya neman rubutu a bango. Sunan maigida ake tambaya, shi zai ba da masauki, shi zai nemo dillali, shi zai tsaya wa baƙo idan an ci bashi. Sunan mutum a bakin jama'a yake yawo, kuma amana ce ke ɗauke da shi. Haka zangunan Akra suka kafu. Malam Baƙo, ɗan Malam Na'inno, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuwa ana danganta kafuwarta da Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai harkar shanu da ya sami filin a shekarar 1931. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wurin ya cika da 'yan ci-rani daga arewacin Gana da Nijeriya da Nijar da Mali da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Kowa ya zo da yarensa, amma Hausa ce ta zama harshen titi da kasuwa da masallaci, har wa yau.

Akwai kuma dalilin da ya sa ɗan zango ya daɗe bai so a ga sunansa da manyan baƙaƙe ba. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Dokta Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar, aka kwashe dubban mutane a manyan motoci, wasunsu a Gana aka haife su. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an koya masa sunkuyar da kai ba. Ƙara da tsoron mai karɓar haraji, da tsoron bakin mutane, sai ka tarar da attajirin da ke sauke tirela goma a wata yana zaune a ƙofar sito da ba a rubuta ko harafi ɗaya a jikinsa ba. Irin wannan Alhajin muna da shi a kowace kasuwar kan iyaka, kuma ba mu ce ya yi laifi ba.

Sai dai zamani ya juya. Tun da kamfanin MTN ya fara harkar aika kuɗi ta waya a Gana a 2009, lambar waya ta zama rabin shago, dole a rubuta ta inda za a gani. Yaron da aka aiko daga wata unguwa ba ya tambayar gidan wane, hoton shago aka turo masa a WhatsApp, shi yake nema. Mai saye na yau baƙo ne ga mai sayarwa, kuma da dare yake fitowa. Shagon da ba shi da suna a rubuce, a wajen irin wannan mai saye, babu shi.

Kafin wuta, buroshi

Mutanen Gana dai gwanayen rubutun allo ne tun ba yau ba. Da wuya ka ga torotoro ko babbar mota ba a rubuta mata wata magana a goshi ko a baya ba, wata addu'a, wata habaici ga maƙiya, kamar dai yadda direbobinmu ke rubuta Haƙuri Maganin Duniya a jikin gingimari. Masu aski suna da allunansu da aka zana kawuna iri-iri don mai zuwa ya nuna wanda yake so. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen 2000, lokacin da masu nuna finafinan bidiyo ke yawo gari-gari da janareto, masu fenti sun riƙa zana tallan fim a kan buhunan fulawa da aka farke aka ɗinke. Waɗannan buhuna da a da ake naɗewa a jefa bayan mota, yau masu tara kayan zane a Amurka da Turai suna sayensu da tsada. A Kumasi akwai Kwame Akoto, mai shagon zane da aka fi sani da Almighty God Art Works, wanda daga rubutun allon shaguna sunansa ya kai gidajen nune-nune na ƙasashen waje.

Nima ma ta fitar da nata. Moh Awudu, wanda zanensa na bango ya kai shi ƙasashe da dama, ɗan Nima ne, kuma a hannun wani gwanin unguwar da ake kira Mozzay ya koyi aiki. A wajen wannan Mozzay ɗin ne Rufa'i Zakari, ɗan asalin Bawku, ya yi zaman koyo, shi da yanzu ya yi suna wajen ɗinka hotunan mutane da ledojin da aka zubar a titi. A 2011, shekarar da aka fara bikin zanen titi na Chale Wote a unguwar James Town, matasan unguwar suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna Nima Muhinmanchi Art, suka shiga yi wa bangayen unguwa ado don su sauya kallon da mutanen Akra ke yi wa Nima, na matattarar talauci da 'yan daba. A lura da sunan: Hausa ce, an rubuta ta yadda bakin ɗan zango ke furta ta.

Abin da ya karya kasuwar masu buroshi shi ne injin buga bana. Daga shekarun 2000, duk mai kwamfuta da injin yana iya fitar da allo mai hoto cikin awa guda, a kan kuɗin da bai kai na mai fenti ba. Yaran da a da za su shekara biyar suna koyon yadda ake ja layi ba rawar hannu, sai suka koma koyon danna madannai. Bana kuwa kowa ya san halinta: rana ta dake ta shekara ɗaya ta koɗe, iskar damina ta yage ta, ta ƙare a matsayin rufin kejin kaji.

Mene ne niyon, mene ne ba niyon ba

Yawancin abin da ake kira niyon a kasuwa yau ba niyon ba ne, kuma ya kamata ɗan kasuwa ya san bambancin kafin ya zaro kuɗinsa.

Niyon wata iska ce da ke cikin iskar da muke shaƙa, 'yar kaɗan ƙwarai. Wasu masana biyu na Birtaniya, William Ramsay da Morris Travers, suka gano ta a 1898. Wani Bafaranshe mai suna Georges Claude shi ya mayar da ita abin kasuwa, inda ya nuna dogayen fitilunta a wajen bajekolin motoci na birnin Faris a watan Disambar 1910. Abin da zai ba mai karatu dariya, allon talla na farko da aka sayar a 1912, wani mai aski ne a Faris ya saye shi. Ashe masu askin Nima gado suke yi.

Yadda ake yinsa aiki ne na hannu tsantsa. Gwani zai zana rubutun a takarda da girmansa na gaskiya, ya ɗauki bututun gilashi ya gasa shi a harshen wuta har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi a kan zanen yana hura iska ta baki don kada bututun ya toshe a wajen lanƙwasa. Harafi bayan harafi haka zai bi. Sannan a zuƙe iskar da ke ciki, a ɗura iskar niyon, a toshe, a haɗa da taransifoma mai ɗaga ƙarfin lantarki zuwa bolt dubbai, wani har dubu 15. Niyon zalla ja yake bayarwa mai ratsin ruwan goro. Idan ana son shuɗi sai a sa wata iskar da ake kira agon tare da ɗigon zaiba, sauran launuka kuma daga hodar da ake shafa wa cikin bututun suke fitowa. Da yake bututun a haɗe yake, tsakanin harafi da harafi baƙin fenti ake shafawa don ido ya ga kamar a rabe suke. Irin wannan allo idan ya sami kulawa yana shekaru da yawa yana ci, sai dai yana da tsada, yana fashewa, kuma gyaransa sai gwani.

Abin da ya cika Nima da kasuwanninmu wani abu ne daban. 'Yan ƙwayayen fitila ne ƙanana, waɗanda ake kira el-i-di, aka jera su a cikin igiyar roba mai laushi, ta yadda daga nesa sai ka rantse bututun gilashi ne. Mu kira shi niyon roba. Asalinsa daga aikin wasu masana uku ne 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda suka samar da ƙwayar shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Da aka sami shuɗi sai aka sami fari, da aka sami fari sai masana'antun Sin suka cika duniya da shi.

Dalilin da ya sa ya karɓu a zango ba boyayye ba ne. Mutanen Gana suna da kalmar dumso, wato kashe-kunna a yaren Tuwi, sunan da suka ba matsalar ɗauke wuta da ta addabe su daga 2012, ta kai maƙura a 2015, lokacin da unguwannin Akra ke yin awa 24 babu wuta, a kawo ta awa 12. Wanda ya sha wannan ba zai sayi allon da sai da taransifoma ba. Niyon roba kuwa da bolt 12 yake aiki, wato batirin mota ko na sola ya ishe shi. Mita ɗaya tana cin wajen wat 10. Idan sunan shago ya ci mita biyar, wat 50 ke nan, a kunna shi awa biyar bai kai rubu'in abin da babban batirin sola ke ɗauka ba. 'Yan'uwanmu na Ƙonni da Maraɗi da suka ga yadda Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 ba sai an yi masu dogon bayani a kan amfanin wannan ba.

Inda aka ɗauke shi da daraja

A birnin Las Vegas na Amurka tun 1996 aka kafa gidan adana tsofaffin allunan niyon, mutane na biyan kuɗi su shiga kallon sunayen otal-otal da aka rushe. A Hong Kong, inda a da alluna ke rataye a saman titi kamar rassan itace, hukuma ta bi ta sauke mafi yawansu saboda dokar gini. Akwai wani gidan abinci da allonsa saniya ce ƙatuwa ta niyon. Da aka sauke ta a 2015, gidan adana zane-zane na M+ ne ya karɓe ta ya ajiye. Sai da abin ya kusa ƙarewa mutanen birnin suka farga cewa masu lanƙwasa gilashin nan 'yan tsiraru suka rage, kuma duk sun tsufa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kamaru. A 2010, a bikin zane na birnin Duwala da cibiyar doual'art ke shiryawa, wani mai zane ɗan garin, Hervé Yamguen, ya ɗauki kalaman matasan mawaƙan unguwar New Bell ya rubuta su a bangayen unguwar, wasu da fitilar niyon. New Bell unguwa ce ta talakawa da baƙi, mai lunguna da kwatoci kamar Nima, kuma a cikinta unguwar Hausawan Duwala take. Ba a tallata komai a rubutun ba. Maganar 'yan unguwa ce aka ɗaga sama aka kunna mata wuta, mai wucewa ya karanta, lungun da ke da duhu kuma ya sami haske.

Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A Istambul, shekaru wajen 400 ke nan ana wata al'ada da suke kira mahya: idan azumi ya kama sai a ɗaura igiyoyi tsakanin hasumiya biyu na masallaci, a rataya fitilu a jere su ba da rubutu a sararin sama. Da fitilun mai ake yi, kowane dare sai an kunna su ɗaya bayan ɗaya, yanzu an koma ƙwan lantarki. Alhazanmu kuma sun ga sunan Allah da ke haskawa a saman agogon Makka, wanda faɗin fuskarsa ya haura mita 40. Mun kawo zancen Istambul ne saboda babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a watan Yulin 2021, wanda ke maƙwabtaka da Nima, Turkawa ne suka gina shi a kan fasalin masallatansu, da hasumiya huɗu. Duk wanda ya san mahya, idan ya tsaya a gabansa da dare ya dubi filin da ke tsakanin hasumiyoyin nan, sai ransa ya raya masa abin da za a iya rubutawa a wurin.

Masu sana'ar sun san wani abu da ya kamata ya faranta wa almajiri rai. Rubutun Larabci da ajami ya fi boko dacewa da igiyar wuta, domin baƙaƙensa a haɗe suke, layi ɗaya ne ke tafiya yana lanƙwasa, ɗigo kawai za a yi wa dabara. Hannun da ya saba da alƙalamin kara da tawada, wanda ya iya zayyanar allon sauka, ya riga ya yi rabin koyon aikin. Gana kuwa ƙasar Alhaji Umaru na Kete-Krachi ce, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda ya bar tarin rubuce-rubuce da Larabci da ajamin Hausa. Amma ka bi titin Nima daga farko har ƙarshe kana ƙirga allunan wuta, ka ga nawa ne aka rubuta da ajami.

Hausa a baki, Turanci a bango

A nan ne abin ke ci mana tuwo a ƙwarya. Unguwar da ake ciniki da Hausa, ake faɗa da Hausa, ake wa'azi da Hausa, idan dare ya yi bangonta Turanci yake yi. Dalili kuwa a fili yake. Allon da ake shigowa da shi a kwali an riga an rubuta shi tun daga masana'anta, kalma ɗaya ce ta Turanci mai nufin a buɗe muke, ko hoton almakashi, ko na kofin shayi. Wanda aka rataya a Nima shi ne a Kwatano, shi ne a Sabon Garin Kano, shi ne a Dubai. Yana da araha, ba mu musa ba. Amma allon da ke ƙofar shago dubu bai faɗi sunan kowa ba.

Hausar da ta sami hawa allo kuma, galibi sunaye ne na neman albarka: Nasara, Alheri, Rahama, Sabon Gida, Allah Na Nan. A nan ma akwai abin lura. Hausar zango ta Gana ba ta damu da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba, ko a baki ba kasafai ake bambanta su ba, kuma ana rubuta ta da ƙa'idar Turanci, shi ya sa za ka ga wake ya koma waakye, tuwon zafi ya koma tuo zaafi. Wannan Hausarsu ce, ta yi shekara fiye da ɗari tana yi masu aiki, ba mu da bakin raina ta. Amma ɗan kasuwar Jibiya ko Illela da ya ba da aikin allo ya kamata ya tsaya a kan ƙugiyarsa. Yaron da ke kan kwamfuta zai ce masa injin ba shi da harafin. Ba gaskiya ba ne, harafin yana nan, nemansa ne bai yi ba. Igiyar roba kuwa da hannu ake lanƙwasa ta, ƙara mata ƙugiya bai fi aikin minti biyu ba. In ba haka ba, mai Masaukin Baƙi zai wayi gari yana da masaukin baki. Mutanen Gana da kansu suna da baƙaƙen da babu su a Turanci, a Tuwi da Ewe, kuma mai rubutun da ya san aikinsa yana fitar da su daidai.

Wani abin kuma da mai buroshi bai taɓa fama da shi ba: harafin wuta yana mutuwa shi kaɗai. Duk mai shagon da ya sa wa wurinsa suna Nasara, to ya riƙa fita waje da dare yana duba harafin farko, don ranar da ya mutu, abin da zai kwana yana haskawa a kan ƙofarsa ba abin da zai so abokan gaba su karanta ba ne. Wannan ya sa muke ganin a yi hattara da rubuta ayoyi ko sunayen Allah da irin wannan fitila mai arha a bakin titi. Baƙi ɗaya ya mutu ma'ana ta canza, iska ta kaɓo allon ya faɗa kwata, kuma wanda ya san babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi ya san abin da muke nufi.

Abin da muke gani shi ne, niyon roba zai iya mayar wa masu buroshi abincinsu idan 'yan kasuwa suka so. Ba ya buƙatar murhun gasa gilashi, ba ya buƙatar taransifoma. Abin da yake buƙata shi ne faranti na roba mai ƙarfi ko katako, igiyar wutar, gam, ɗan ƙarfen like waya, da hannun da ya iya rubutu. Na ƙarshen nan shi ne ba a sayarwa a kwali, kuma shi ne Nima ke da shi, Kano da Zariya da Damagaram ma suna da shi, garuruwan da magina suka daɗe suna yi wa fuskar gida ado da zane har da sunan mai gida da shekarar gini. Mai fenti ya zana sunan da salon hannunsa, yaro mai aikin lantarki ya bi zanen da igiya, kuɗin ya tsaya a unguwa, allon kuma ya zama ba shi da na biyu. Da rana ma, lokacin da wutar ke kashe, fentin da ke ƙarƙashi yana nan yana aiki.

Kada kuma a ce rubutun kasuwa ba abin a-zo-a-gani ba ne. Ibrahim Mahama na Tamale ya yi suna a duniya ne da tsofaffin buhunan garara, waɗanda aka ɗauki koko da su, daga baya aka zuba masara da gawayi. Ya ɗinke su ya lulluɓe manyan gine-gine, ya kai su babban bikin zane na Venice a ƙasar Italiya a 2015. A jikin buhunan nan akwai sunaye da alamomin da 'yan kasuwa ke rubutawa don kada kayansu su ɓace a tasha, irin wanda kowannenmu ke yi da fenti ko tawada kafin a yi lodi. Turawa sun tsaya a layi suna kallonsu.

Kafin a rataya

Allon wuta kiran mai saye ne, amma kiran hukuma ne kuma. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma Ayawaso ta Arewa, kuma ƙananan hukumomin Gana suna karɓar kuɗin izini a kan allunan talla. Ga baƙo abin ya wuce nan. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma da ita ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, GUTA, ta kafa hujja lokacin da aka riƙa garƙame shagunan baƙi, akasarinsu 'yan Nijeriya, a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Ɗan zangon da aka haifa a Nima ɗan ƙasa ne, sunansa ya rubuta da girman da ya ga dama. Wanda ya zo daga Katsina ko Tawa da fasfo, ya fara gyara takardunsa kafin ya kunna sunansa a titi.

Sai maganar gobara. Igiyar kanta ba ta zafi sosai, haɗarin yana wajen 'yar na'urar da ke sauke wutar gida zuwa bolt 12, da wayoyin da ake murɗawa da hannu a naɗe da leda. Irin na'urar mai arha idan ta kwana a kunne cikin shago a rufe, kusa da atamfa ko katifa ko jarkar fetur, ba a san abin da za a tarar da safe ba. Ba mu ce allo ne ya cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ko ta Kantamanto a Akra a watan Janairun 2025 ba, amma wanda ya ga tokar waɗannan kasuwanni ya san yadda wuta ke gudu a rumfunan da suka jingina da juna. A sa na'urar a cikin akwatin ƙarfe inda iska ke shiga, ruwa ba ya taɓawa, a sa mata fis, a kuma tambayi mai sayarwa ko igiyar ta waje ce ko ta cikin ɗaki, don ta cikin ɗaki ba ta kai ƙarshen damina ɗaya a waje. Ƙurar hunturu ma tana dusashe hasken, sai an riƙa gogewa da tsumma mai ɗan laima bayan an kashe.

Wanda kuma zai ba da aiki, ya nemi a zana masa sunan a takarda da girmansa na gaskiya tukuna, ya manna a ƙofar shagon, ya tsallaka ɗaya gefen titi ya karanta. Idan lambar waya za ta shiga, gara a rubuta ta da fenti a ƙasan allon inda hasken zai sauka a kanta, don lamba goma ko goma sha ɗaya idan ɗaya ta mutu sauran ba su da amfani. Ya kuma riƙe wani abu daga cikin kuɗin aikin har sai allon ya yi mako guda yana ci.